Sabon Koci Da Gonar Aro

A wannan watan zan roƙi masu karatu su yi mani uzuri, domin zan ɗan ajiye maganar fim in taɓo ƙwallo. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska? To ai mutumin da ke cika gidan kallo ran Asabar don wasan Arsenal, shi ne dai wanda zai koma gida da daddare ya buɗe waya ya na neman sabon fim. 'Yan kallon mu ɗaya ne, kuma halin da su ke nuna wa mai horar da 'yan wasa ya daɗe ya na tuna mani halin da mu ke nuna wa darakta.

A garin mu Gezawa, in ban da saukar ruwan farko da kakar zaɓe, ba abin da ke tada majalisa tsaye kamar a ce Kano Pillars ta ɗauki sabon koci. Kafin mai labaran wasanni ya rufe baki a rediyo, an yanke wa mutumin hukunci daga teburin mai shayi har tashar mota. Rabi su ce an samo magani, bana kofi namu ne. Rabi su ce wallahi an sayo mana wahala. Abin mamaki, a lokacin ko atisaye ɗaya bawan Allah bai jagoranta ba.

Sau biyu na ga wannan zazzaɓi ya kai maƙura. Na farko a ƙarshen 2020, lokacin da aka kawo Bafaranshe Lionel Soccoia. Ranar sai ka ce an yi wa garin bushara. Samarin Jogana da Tsamiya Babba da mu ke haɗuwa da su wajen kallo su na ta cewa, “Ai shi kenan, Bature ya zo, za a daina buga mana ƙwallon gargajiya.” Da yawan su ko sunan sa ba su iya faɗa ba, balle su san inda ya taɓa aiki. Farar fatar ta wadatar. Ba a je ko'ina ba Jaraaf ta Senegal ta fitar da mu daga gasar kofin ƙalubale na Afrika tun a zagayen share fage, sai waƙa ta canza: wai an kwaso mana Baturen da ba ya da aikin yi a ƙasar su. Bai shekara a Kano ba ya kama gaban sa.

Na biyu a 2024, da aka naɗa Usman Abdallah. A nan kuma hujjar ta juye. “Ɗan gida ne, ya san ciwon mu, kuma shi ya ci wa Enyimba gasar Nijeriya a 2019.” Waɗanda su ka rantse a baya cewa sai Bature, su ne su ka fi kowa ɗaga murya cewa dama ɗan ƙasa shi ya san ƙasa. Kafin kakar ta ƙare, a farkon 2025, an ji shi ya na shan ihu daga bakin mutanen da su ka yi masa maraba, har hukumar ƙungiyar ta dakatar da shi na wani lokaci. Bature bai tsira ba, ɗan gida ma bai tsira ba. To wa mu ke nema ne?

In mu ka waiwayi tarihi, za mu ga maganar asalin koci ba ta taɓa ci mana kofi ba. An kafa Pillars a 1990, shekarar da Turmin Danya ya fito ya buɗe ƙofar finafinan mu na bidiyo, wato su biyun sa'annin juna ne. Sau huɗu ƙungiyar ta zama zakarar Nijeriya. A 2008 Kadiri Ikhana ne koci, mutumin Jihar Edo. A 2012 da 2013 Mohammed Baba Ganaru ne, mutumin Borno. A 2014 Okey Emordi ne, daga kudu. Babu Bakano ko ɗaya a cikin su. A 2009 kuwa, shekarar da mu ka fitar da Al Ahly ta Masar mu ka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afrika kafin Heartland ta tare mana hanya, wani Bature ne ɗan ƙasar Sulobeniya, Ivo Sajh, ke kan benci. Kofin ƙalubale na 2019 da aka ci Niger Tornadoes a bugun fanareti a Kaduna, shi kuma ɗan gida Ibrahim Musa ne ya kawo shi. Kowane iri ya ci, kowane iri ya faɗi.

Wani zai ce to ai ga shi nan, ko a shekarun nasarar ma canza koci ake yi, me ya sa yanzu zai zama laifi? Tambaya ce mai kyau. Amsar ita ce a wancan lokacin koci ne ke canzawa, amma gidan na nan. Rabi'u Ali Pele na nan, Gambo Mohammed na nan, Theophilus Afelokhai na tsare raga shekara da shekaru. Duk wanda ya zo zai tarar da 'yan wasan da su ka san juna kamar yunwar cikin su. Shi ya sa aka yi kusan shekara 12 ba wanda ya zo Kano ya ci Pillars a gasar Nijeriya, sai a 2015 da Nasarawa United ta karya lagon. Idan kuwa aka wayi gari kowace kaka koci sabo, rabin 'yan wasa sababbi, shugabanni ma sababbi, to ba gyara ake yi ba, tushe ake sakewa kullum.

Wanda ya fi fahimtar da ni wannan magana ko filin wasa na Sani Abacha bai taɓa shiga ba. Kawu na ne, manomi, wanda duk ƙwallon sa a rediyo ya ke kallon ta. Wata rana mu na gona lokacin noman farko, na ke ba shi labarin cewa an ba sabon koci kwantiragin shekara ɗaya. Ya dogara da hauya ya ce, “Kai ɗan nan, wato gonar aro aka ba shi.”

Na ce, “Kamar yaya, Kawu?”

Ya ce, “Ka taɓa ganin wanda aka ara wa gona damina ɗaya ya kwaso takin gida ya zuba mata? Takin dabba sai ya kwana biyu a ƙasa kafin ya nuna amfanin sa sosai. Shi kuwa ya san baɗi ba shi zai noma ba. Buhun takin zamani zai watsa, ya kwashi abin da ya samu, ya bar wa mai gona ƙasa a gajiye.”

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan tamu zai gane abin da ya ke nufi. Gonakin Gezawa ba sa hutawa. Mutane sun yi yawa, fili ya yi kaɗan, kowace shekara sai an shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a wuri ɗaya. Abin da ya riƙe ƙasar tun zamanin kakanni shi ne taki, na turke da wanda ake ɗaukowa daga birni, da a kan jaki, yanzu a mota. Kuma ba mai yin wannan wahala sai wanda ya tabbata shi ko ɗan sa ne zai girbe. Haka koci ya ke. Wanda ya san wasa uku kacal zai rasa a jere a nuna masa ƙofa, ba zai ɓata lokaci ya na rainon yaro ɗan shekara 17 ba. Tsofaffin hannu zai kwaso daga ƙungiyar da ya baro, su taya shi tsira da aikin sa, in an kore shi su bi shi.

A nan ne maganar ta shafe ni kai-tsaye. Ina da ƙane da ke buga wa wata ƙaramar ƙungiya a nan garin. Da asuba ya ke fita gudu a bakin titi, da yamma in an taso daga gona ya tafi filin makaranta, takalmin sa ɗaya ya sha ɗinki har ya gaji. Irin sa su na da yawa daga Wangara zuwa Babawa, kuma burin kowannen su ya sa rigar nan mai kore da rawaya. Su na da hujja, domin sun san Ahmed Musa a Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 kafin ya tafi Holan. Amma wane koci ne zai shigo mota daga Yankaba ya zo Gezawa ya tsaya a bakin fili ya na kallon yara, alhali shi kan sa bai san ko zai kai watan gobe ba? Duk lokacin da mu ka taru mu ka yi ihun “ba ma yi”, mu na ganin koci mu ka hukunta. Ƙannen mu mu ke rufe wa ƙofa.

Mu 'yan fim bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Tambayi mutum goma wa ya fito a Sangaya, za su ce maka Ali Nuhu da Fati Mohammed. Tambaye su wa ya ba da umarni, da ƙyar ka samu biyu da za su ambaci Aminu Mohammed Sabo. Haka Wasila, kowa ya san jaruman, kaɗan ne ke tuna Ishaq Sidi Ishaq. Fim in ya yi kyau na jarumi ne. In ya lalace kuwa, nan take za a tuna akwai darakta. Ba mai tambayar kwana nawa furodusa ya ba shi a lokeshin, ko shi ya zaɓi 'yan wasan ko kuwa ɗora masa su aka yi saboda fuskar su ke sayar da fim, ko an gama rubuta labarin kafin a kunna kyamara. A ƙwallo ma in an ci, Pele ne gwani. In an sha kashi, koci ne bai iya canji ba.

Furodusan Pillars kuwa gwamnatin Jihar Kano ce, ita ke da ƙungiyar, ita ke naɗa masu tafiyar da ita. Ranar da aka gabatar da sabon koci, tambayoyin da su ka kamata mu yi ba su ne “Bature ne ko baƙi?” ba. Shekara nawa aka ba shi? Shi zai zaɓi 'yan wasa ko za a miƙo masa takarda? An tanadi haƙƙin yaran a kan lokaci, tunda kukan bashin albashi ba sabon abu ba ne a gasar Nijeriya? Akwai wanda aka ɗora wa alhakin zagaya ƙananan hukumomi neman matasa? Ban taɓa jin an yi musu a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan a majalisar mu ba.

Sai kuma namu laifin, mu 'yan kallo. A watan Afrilu na 2022, bayan wasa da Katsina United a Kano, wasu su ka far wa motar baƙi. Aka kwashe wa Pillars maki uku, aka ci ta tara, aka mayar da wasannin ta na gida Abuja. A ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu. Ta dawo a 2023, amma a watan Oktoba na 2025, bayan wasa da Shooting Stars, aka sake shiga fili, aka sake kwashe maki, aka kai wasannin gida Katsina. Wane koci ne ya jefa dutse? Wane koci ne a duniya zai iya dawo da makin da aka zaftare a ofis? Kuma wa ya yi asara? Yaron Gezawa da ke tara kuɗin mota ya je Ƙofar Mata ya dawo a yini ɗaya, shi ne kallo ya fi ƙarfin sa. Mai sayar da ruwa da mai gyaɗa a bakin filin su ma su ka rasa kasuwa.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A watan Janairu na 2025 da aka ba Eric Chelle ɗan Mali ragamar Super Eagles, ƙorafin da ya cika gari shi ne yaya za a tsallake 'yan gida da Turawa a ɗauko ɗan Mali. Mutane sun manta Clemens Westerhof da ake yi wa kirari yau, wasan sa na farko a gasar Afrika ta 1990 Aljeriya ta zuba mana 5 da 1. Da an kore shi a ranar, da wataƙila ba a yi maganar kofin 1994 a Tunisiya da zuwa gasar duniya karon farko ba. Magoya bayan Manchester United da su ka cika gidajen kallon mu su ma su tuna, Alex Ferguson ya zo a 1986, bai ɗaga kofi ba sai 1990, gasar Ingila kuwa sai 1993. A Kano da tuni ya daɗe da komawa ƙauyen su.

Ba cewa na ke kada a soki koci ba. Ni da sana'a ta ita ce suka, ina ni ina hana wani? Amma a ƙa'idar sharhi, sai ka kalli fim daga farko har ƙarshe kafin ka ɗauki biro. Wanda ya yanke hukunci daga fosta, ko yabo ya yi ko zagi, bai yi sharhi ba. Ranar naɗin koci fosta ce kawai. Hoto ne na mutum riƙe da riga ya na murmushi a gaban 'yan jarida.

Don haka ina kira ga 'yan'uwa na Masu Gida, na birni da na ƙauye, duk ran da aka sake sanar da sabon koci, mu rage kiɗa, mu rage zagi, mu nemi a faɗa mana tsawon wa'adin sa da ikon da aka ba shi. Mu matsa wa shugabanni su ba shi shekarun da zai ga amfanin abin da ya shuka, sannan in ya gaza mu tuhume shi da hujja. Mu kuma riƙe hannun mu a filin wasa, don makin da yara su ka sha rana su ka samo kada mu zubar da shi da kan mu.

Wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan finafinai. Allah ya ba Masu Gida sa'a, ya kuma sa ƙannen mu su samu mai duba su.