Inda ake dafa malam a kasko

Jirgin ƙasan da na hau a Jakarta ya sauke ni a Jatibarang bayan tafiyar kusan awa uku. Hagu da dama shinkafa ce tsaye cikin ruwa, kamar an ɗauko Kadawa an yi ta ninkawa. Daga tashar mota ta ƙarasa da ni Indramayu, a gaɓar arewa ta tsibirin Jawa. Da mangwaro aka san garin, na kuwa sha har na ji kunyar mai masaukina, amma ba shi ya kawo ni ba. A shagon kawuna na Kantin Kwari na tashi, ina miƙa wa mata atamfa turmi-turmi, ban taɓa tambayar yadda aka yi zanen ya hau ƙyallen ba. Aka ce mini amsar tana nan.

Mai masaukin nawa, wani malamin makaranta da ke jin Larabci daidai gwargwado, ya ce ba zai kai ni wurin masu zane ba sai na fara ganin teku. Muka tafi Karangsong da sanyin safiya. Ni da babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin Tiga, sai ga ni gaban jiragen katako jere a bakin kogi, wani ya fi gidanmu tsawo, kafintoci suna ta bugu a cikin haƙarƙarinsa kamar tururuwa a gawar raƙumi. Na duba hannun kowa ban ga takardar awo ba. Ƙarnin kifi kuwa ya shiga rigata bai fita ba sai da aka wanke ta sau biyu. Mai masaukina ya ce manyan jiragen nan in sun fita sai su yi wata da watanni ba a gan su ba. Na ce to matan masuntan fa? Ya yi murmushi ya ce, “Yanzu za ka gani.”

Unguwar masu zanen sunanta Paoman. Muna shiga wani gida ya ce mini in yi hankali, malam yana kan wuta. Na tsaya cak. Na waiga ko zan ga dattijon da ake magana, ban ga kowa ba sai mata biyar a kan ƴan kujeru, sun kewaye ƙaramin risho. Ashe a bakinsu kakin da ake zane da shi ne malam, haka kuma suke kiran dare. Da na gaya musu abin da kalmar ke nufi a wurinmu, babbarsu ta yi dariya har ta ajiye abin hannunta. Daga nan har na tafi, duk wadda za ta ƙara wuta sai ta kalle ni ta nemi gafara.

Malam ɗin nasu haɗi ne: kakin zuma, da farin kaki irin na kyandir, da ƙaron itace, suna narkewa a ɗan kaskon da bai wuce na suyar ƙwai ba. Abin zanen suna ce masa canting, ana furta shi canting kamar yadda muke cewa cinya. Ƴar butar jan ƙarfe ce da ba ta fi babban yatsa ba, da siririn hanci, an kafe ta a kan kara. Mace za ta ɗebo kaki, ta kai bakinta ta hura, sannan ta ɗora a kan farin ƙyalle. Na ɗauka tofi take yi, har na ce a raina lallai mutanen nan sun riƙe addu’a. Aka ce a’a, hancin take buɗewa kada kaki ya toshe shi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ban ga launi ko ɗaya ba. Sai da babbar, wadda kowa ke ce wa Ibu, ta ɗaga ƙyallen a rana sannan na gane. Duk inda kaki ya bi, rini ba zai kama ba. Wato abin da take zanawa shi ne abin da take hana ruwa ya taɓa. Nan take na tuna ƙannena ranar jajibirin salla, an yayyanka salatif an manna musu a ƙafa, a shafe da lalle, da safe a ɓare sai fure ya fito fari tas. Dabarar ke nan, sai dai a nan ƙafar ta kai yadi biyu da wani abu, kuma ana iya shafe makonni a kanta.

Da idona ya saba, sai teku ta fara fitowa. Ga kifin da suke kira iwak etong da bakinsa a tsuke, ga jatan lande ya lanƙwashe, ga ciyawar ruwa mai suna ganggeng tana nannaɗe komai. Babu wadda ta ɗaga kai ta kalli hoto. Abin da suke fafewa su shanya a ƙofar gida shi hannunsu yake bi. A gefe wata yarinya tana riƙe da ɗan katako mai allurai jere kamar matsefi, tana caccaka ƙyallen da aka riga aka rufe da kaki. Complongan ake kiran wannan aiki. Ta kowace huda rini zai kutsa ya bar ɗigo, dubbai a kan zane ɗaya, har fili ya koma kamar yashin bakin ruwa. Wallahi na daɗe ban ga haƙuri irin na yarinyar nan ba.

Ibu ta miƙo mini canting ta ce, “Gwada.” Na ɗebo, na manta ban hura ba, kaki ya ƙi fita, na karkata hannu, ya zubo gaba ɗaya ya yi tabo kamar kashin kaza. Ta karɓa ba ta ce komai ba, ta ja masa ƙafafu takwas da almakashi biyu, ya zama ƙaguwa.

A tsakar gida ake rini da dafa ƙyallen a ruwan zafi har kakin ya taso a kwashe a sake amfani da shi. Shuɗin da na gani mai duhu ya kai ni karofin Ƙofar Mata kai tsaye. A nan ne kuma zaren da na biyo ya haɗu. Turawan Holan da suka mulki Jawa sun kwaikwayi wannan sana’a da inji, kamfanin Vlisco na garin Helmond yana cikinsu, kayan ba su samu karɓuwa sosai a Jawa ba, suka samu a Afirka ta Yamma. Atamfar da nake miƙawa a Kwari jikar wannan kasko ce. A 2009 hukumar UNESCO ta sa batik, wato wannan zanen kaki, cikin gadon al’adun duniya, kuma duk ranar 2 ga Oktoba ƙasar tasu kan yi bikinsa.

Da zan tafi na zaɓi wani zane mai launin ƙasa da shuɗi, wanda na daɗe ina juyawa ban gane kansa ba. Ibu ta bi shi da yatsa ta nuna mini jirgi a cikin ganyayyakin, ya karkace, ciyawa ta hau shi. Sunansa kapal kandas, jirgin da ya kafe a yashi. Na tambayi mai masaukina ya tambaye ta, matar masunci ba ta tsoron zana irin wannan? Ta ninke zanen tana sa shi a leda, ta ce mijinta kwanansa arba’in da ɗaya ke nan a ruwa, kuma jirgin da ya kafe ai an san inda yake.