Layin da Alƙalami Ya Tsallake

Mu shida Allah Ya bai wa iyayenmu, kuma a Rayfield aka yanke mana cibiya, gefen tsofaffin ramukan da haƙar kuza ta bari. Kakanmu ya zo Jos daga ƙasar Kano a 1942, lokacin da Turawa ke ɗibar mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin kuza saboda yaƙin duniya na biyu. Kasuwar kuza ta faɗi, Turawa suka naɗe kayansu, ramukan suka cika da ruwa. Ɗaya ya zama wurin shaƙatawa inda ake hawa kwalekwale, wani kuwa, na bayan unguwarmu, nan Innarmu ke kai wanki duk ranar da famfo ya ɗauke. Wannan kududdufi shi ne ya hana ta barci har shekara 13.

A hunturun 2009 aka haifi autanmu. Tun kafin suna muka lura idan ya sha nono sai ya dawo masa ta hanci. Bai cika wata guda ba ya fara wata irin jijjiga, jikinsa ya sandare. A asibiti aka ce akwai huji a zuciyarsa. Ciwon kunne da na ƙirji suka yi masa sallama ba ranar tafiya, kuma da ya fara magana, can wajen shekara huɗu, ta hanci take fita, mu kaɗai 'yan gida muke fahimtarsa.

Bakin mutane kuwa bai jira likita ba. Wasu suka ce iska ce ta kududdufi, tun da Inna ta yi wanki a can da tsohon ciki. Masu ilimin boko suka ce a'a, dafin da ke cikin ƙasar kuza ne. Gwaggonmu, yayar Baba, ta fi kowa taƙaitawa. Muna jin ta wata rana a zaure tana cewa, "Malam, mu dai a zuriyarmu ba a taɓa haifar irin wannan ba. Ka dubi inda ka ɗebo." Inna na bayan ƙyaure, ta ji, ba ta ce uffan ba. Ko iska, ko dafi, ko jini, duk inda aka juya maganar a kanta take faɗawa. Daga baya har wani mai neman auren yayarmu ya janye, wai danginsa sun ce a binciki gidan tukuna.

An sha rubutu, an yi hayaƙi, an kuma zaga asibitoci. Auta na da shekara bakwai aka aika jininsa Legas domin a ƙirga kuromosom ɗinsa. Kuromosom, kamar yadda muka koya daga baya, dami ne na zaren gado da ke cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki. Ɗan Adam na da 46, rabi daga uwa rabi daga uba, an jera su biyu-biyu har kashi 23. Sai a 1956 masana suka tabbatar da wannan adadi, sannan a 1959 aka gano a Faransa cewa ƙarin guda ɗaya a kashi na 21 shi ke kawo larurar da ake kira Down. Sakamakon Auta ya dawo: 46 cif, babu ƙari babu ragi. Maimakon murna, sai Inna ta ƙara shiga damuwa, domin a ganinta idan halittarsa cikakkiya ce, to ita ce ta ɓata shi da hannunta.

Ashe ƙirga dami daban, warware shi a karanta daban. Zaren gado rubutu ne mai haruffa huɗu kacal, amma jimlarsu a kundin mutum guda ta kai wajen biliyan 3. Aikin karanta wannan kundi ya ɗauki masana daga 1990 zuwa 2003, ya ci kusan dala biliyan 3. Yanzu na'ura kan karanta na mutum ɗaya cikin 'yan kwanaki a kan ƙasa da dala 1,000. Madubin likita yakan ga ɓatan babban yanki ne kawai, kamar mai duba littafi daga nesa ya ce shafukansa sun cika. Na'urar kuwa layi-layi take bi.

A 2022 wata likitar yara ta haɗa alamomin Auta wuri guda, zuciya da ganɗa da jijjiga da yawan ciwo, ta ce tana zargin wani abu. Ta hanyar wani bincike da take ciki aka ɗebi jininsa da na Inna da na Baba aka aika ƙasar waje. Wata huɗu muka yi muna jira.

Ranar da ta kira mu, mu uku muka raka iyayenmu. Ta ce a kuromosom na 22, a ɗaya daga cikin biyun, akwai giɓi na haruffa kimanin miliyan 3, wato kashi ɗaya cikin dubu na kundin. A cikin giɓin akwai ƙwayoyin gado fiye da 30, har da wadda ke taimaka wa ginin zuciya da ganɗa, da tsokar da ke horar da sojojin jini, da waɗanda ke daidaita sinadarin kalsiyam, wanda ƙarancinsa ne ya jawo jijjigar nan. Wani likita a Amurka, Angelo DiGeorge, ya bayyana larurar tun 1965, kuma ana samun ta a wajen jariri ɗaya cikin 4,000. Ta ƙara da cewa hotunan littattafan likitanci galibi na 'ya'yan Turawa ne, alhali a fuskar yaron Afirka alamomin ba su cika fitowa fili ba, shi ya sa ake daɗewa ba a gane ta a wurinmu.

Inna ta saurara har ta gama, sannan ta yi tambayar da ta daɗe tana ci mata rai. "Likita, don Allah kada ki ɓoye mini. Wankin da na yi a kududdufi ne?"

"Mama, ba shi ba ne," in ji ta. "Mun karanta naki, mun karanta na Baba, duka lafiya lau. A tara cikin goma haka abin yake, sabo ne, ba gado ba."

Sai ta kawo misalin da har gobe ba mu manta ba. Ta ce wannan yanki na da layuka masu kama da juna a farkonsa da ƙarshensa. Mai kwafar littafi da hannu, idan layi biyu suka ƙare da kalmomi iri ɗaya, idonsa kan tsallake daga na sama zuwa na ƙasa, abin da ke tsakani ya salwanta ba da saninsa ba. Haka ke faruwa lokacin da jiki ke shirya ƙwayar haihuwa, a Jos ko a Landan, ga mai wanki a kududdufi da wadda ba ta taɓa ganin sa ba.

Inna ta rufe fuska da mayafi. Baba, wanda ba mu taɓa jin ya tanka wa Gwaggo a kan zancen nan ba, ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ki yafe mini shirun da na yi."

Ba a ba mu magani ba, domin layin da ya ɓace ba ya dawowa. Amma an ba mu hanya. Yanzu ana auna kalsiyam ɗin Auta a kai a kai, ana duba zuciyarsa da jinsa, an kuma gargaɗe mu mu lura da lafiyar tunaninsa yayin da yake girma. An shaida mana cewa mu 'yan'uwansa ba mu ɗauke da abin, shi kuwa idan ya yi aure, kowane cikin da matarsa za ta samu rabi da rabi ne. Wannan magana ce mai nauyi, kuma muna jiran ranar da za mu zaunar da shi mu faɗa masa.

Abin da ke damun mu shi ne gidajen da ba su dace da irin likitarmu ba. Mun san na'urar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, domin a Jami'ar Redeemer's da ke Ede aka karanta kundin ƙwayar cutar korona a Maris na 2020, karo na farko a Afirka. Idan an iya yi wa ƙwayar cuta, ɗan mutum ya fi cancanta. Uwaye nawa ne a Bukuru da Gangare da Anguwar Rogo ke ɗauke da laifin da ba su aikata ba?

Ran nan famfo ya ɗauke, Inna ta ɗauki kwandon wanki ta ce Auta ya riƙe mata sabulu. Muka bi su da kallo har suka gangara bakin ruwan.