Zamanin Picasa a gidanmu

Kyamarar dijital ta zo mana da wata wahalar da ba mu san ta ba a zamanin fim. Da can fim guda hoto 36 yake ci. Mai hoto ya kai wanki, bayan kwana biyu ko uku ya kawo maka naka a ambulan, ka biya, ka jera a albam. Kuɗin wanki ne ke hana mutum ɓarna. Da memori ya shigo, sai ga shi a yinin biki ɗaya ka ɗauki abin da a da sai ka shekara ba ka ɗauka ba. Ka juye a kwamfuta, su tare can da sunaye irin su DSC da IMG da jerin lambobi, in ana neman hoton kamun amarya sai an buɗe ɗari kafin a dace.

Ina cikin wannan hali na haɗu da Picasa, wajen 2008, a wani shagon buga takardu a Zariya. Yaron shagon ne ya zuba min ita a filashi, domin sauke manhaja daga intanet a lokacin sai mai dogon haƙuri. Asalinta wani ƙaramin kamfani ne a Kalifoniya mai suna Lifescape ya fitar da ita a 2002, ana sayarwa. Google ya saye ta a 2004, ya mayar da ita kyauta.

Ranar da na fara kunna ta, sai ta bi kwamfutar lungu-lungu ta zaƙulo duk wani hoto da ke ciki, har da waɗanda na daɗe da fidda rai da su. Ta jera foldodin a gefen hagu, shekara bayan shekara, hotunan kuma a dama. Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne ba ta ɗauke hoto daga inda ka ajiye shi. In ka sa wa folda suna "Sunan ɗan Yaya" ko "Hawan Sallah ƙofar fada", haka za ka tarar da ita. Ko gyara ka yi, ba ta taɓa ainihin hoton. Tana rubuta abin da ka yi ne a wani ɗan ɓoyayyen fayil a cikin foldar, in kuma ka ce a adana gyaran, sai ta ɓoye na asalin a gefe, ko da watarana za ka yi nadama.

Gyaran nata ma kamar don mu aka tsara shi. Rabin hotunan gidanmu a ɗaki aka ɗauke su an ɗauke wuta, fuskoki sun dushe, ba a ganin komai sai farin haƙori da ɗinkin hula. Akwai wani ɗan layi da kake ja, haske ya taso a fuskar mutum ba tare da bango ya ƙone ba. Akwai na cire jan ido, wanda hasken kyamara ke bar wa 'yan biki da daddare. Akwai kuma maɓallin nan na gwada sa'a, ka danna sau ɗaya ta gyara yadda ta ga dama, kuma sau da yawa tana dacewa. Duk wannan ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. In batirin laftof na da rai, ko an tayar da janareta, aiki ya samu.

Amma abin da ya mayar da Picasa 'yar gida ya zo ne a 2009, da aka fitar da ta 3.5 mai gane fuska. Sai ta riƙa tsinto fuskoki daga cikin hotuna, ta tara masu kama da juna wuri ɗaya, ta bar maka gurbi ka rubuta suna. A lokacin na riga na kwashi tsofaffin albam ɗin Hajiya, mahaifiyarmu, na kai an yi musu sikanin, irin baƙi da farin nan na situdiyo, mutum zaune a kujera, hannu a gwiwa, tukunyar fure a gefe. Yawancin mutanen ciki ban san su ba. Dole na ɗauki laftof na shiga ɗakinta bayan isha'i.

Nan aikin ya zama hira. In nuna fuska, ta gyara tabarau, ta ce, "Kai, ba ka gane Gwaggonku ta Kaura ba? Shekarar da aka kai ta ɗaki ke nan." Daga nan sai labarin auren, da wanda ya yi waliyyi, da rigimar da ta biyo baya, hoto guda ya cinye mana dare. Wata fuskar kuma in mun zo kanta, sai ta kau da kai ta ce in kira ƙanwarta ta faɗa min. Hajiya ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta kama sunan mahaifinmu, duk kuma wanda ya ci sunan surukinta "mai sunan Malam" ne a bakinta. Manhaja kuwa suna take so, ba ta san alkunya ba. Da na rubuta yadda ta faɗa, sai na wayi gari da mai sunan Malam har kashi uku, ban san wanne ne na gidan Baffa ba. Ƙarshe muka yi sulhu: ita ta yi kwatance, ƙanwarta ta faɗi sunan yanka, ni in rubuta duka biyun.

Kuskuren manhajar ma abin dariya ne. Takan ɗauko hoton Gwaggo tana budurwa ta tambaye ni ko 'yarta ce, kuma wallahi in ka duba da kyau ba ka ga laifinta ba. Mahaya a hawan Sallah kuwa, da rawani da amawali sun rufe rabin fuska, sai ta wuce su kamar ba mutane ba. Akwai kuma wani dattijo da ta nace sai na gaya mata ko wane ne, domin ba ya fashi a duk wani taro da aka yi a falonmu. Hoton Sardauna ne da ke rataye a bango.

A ranar 12 ga Fabrairun 2016 Google ya sanar zai jingine Picasa. Daga 15 ga Maris ya daina kula da ta kwamfuta, a watan Mayu kuma aka fara rufe albam ɗinta na intanet, aka nuna wa jama'a Google Photos, wadda aka ƙaddamar tun Mayun 2015. Ba su kaɗai ba ne. Apple ya maye gurbin iPhoto da Aperture da sabuwar manhajarsa ta Photos a 2015, Microsoft ma ya daina tallafa wa Windows Photo Gallery a Janairun 2017. Dalilin a fili yake: waya ta zama kyamarar kowa, mutane sun daina zama gaban kwamfuta da kebul suna juye hoto. Wadda ke kan laftof ɗina ta ci gaba da aiki, ni ma na ci gaba da zama da ita, har laftof ɗin ta tsufa ta gaza. An ce sabo turken wawa, to na ɗan jima a ɗaure.

Ƙaura zuwa Google Photos ta zo da nata. Tura hotunan shekaru zuwa rumbun intanet a ƙasar da ake auna data da cokali sai da datar dare, ka kwanta ka bar waya tana ja, ka farka ka ga ko ta kai. Bayan sun hau, sai na nemi foldodina na rasa, domin sabuwar manhajar da kwanan wata take jera kaya, daga na yau zuwa na da. Tsari ne mai kyau in kwanan watan daidai yake. Tsofaffin kyamarorinmu kuwa da an cire batir agogonsu ke komawa farko, ba mai damuwa ya saita, don haka sai ga bikin ƙanwata ya faɗa shekarar da take firamare. Hoton da aka turo ta WhatsApp shi ma ba ya zuwa da ranar da aka ɗauke shi, sai ya zauna a ranar da ya iso. Waɗanda aka yi wa sikanin kuwa, kakanninmu duk sun taru a wata ɗaya na 2009. Na yi watanni ina gyara kwanan wata ina haɗa albam, a hankali hannuna ya daina laluben gefen hagu.

Gaskiya dai a faɗe ta, sabuwar ta fi tsohuwar iyawa nesa ba kusa ba. Ka rubuta doki da Turanci, duk hawan da ka taɓa ɗauka ya fito. Wayata ta taɓa faɗawa ruwa, na shiga sabuwa da adireshina, ban rasa hoto ko ɗaya ba, abin da a zamanin Picasa sai dai a yi maka jaje. Albam ɗin suna kuwa kafin a gama rabon nama 'yan'uwa na Maraɗi da na Jidda sun gani. Gane fuskar ma ta fi ƙwarewa, tana bin yaro tun yana goye har ya fara gemu.

Sai dai sunayen da muka liƙa da Hajiya ba su biyo mu ba. Suna cikin tsohuwar kwamfuta, sabuwar manhajar ta tara fuskokinta daga farko. Na sake rubuta waɗanda na riƙe, ni kaɗai, a waya, a zaman jiran layi. Waɗanda ban riƙe ba suna nan a tare cif, fuska ɗaya a hotuna da yawa, ba suna. Manhaja ta san mace ɗaya ce, amma ko 'yar wa ce, wa ta aura, a wace unguwa ta zauna, wannan sai masu tabarau. Ƙanwar Hajiya da ke faɗa mana sunan yanka ta rasu, Allah ya jiƙanta, idon Hajiya kuma ba ya ɗaukar ƙaramin allon waya.

Sannan ga maganar wurin ajiya. Da farko kyauta ne ba iyaka ga hoton da bai wuce megafiksel 16 ba. Daga 1 ga Yunin 2021 aka daina, duk sabon hoto yana cin rabonsa ne daga GB 15 da Gmail da Drive ma ke ci, in ya cika ka biya ko ka share. Ban ga abin mamaki ba, tunda a lokacin sanar da wannan sauyin kamfanin ya ce hotunan da ke rumbunsa sun haura tiriliyan 4. Amma ya tuna min cewa ɗakin haya nake ciki, sai na sayi faifan ajiya na waje na riƙa sauke kwafi a gida.

Ga wanda tsohuwar laftof ɗinsa ke kunnuwa har yanzu da Picasa a ciki, kada ya yi gaggawar kai ta kasuwar 'yan gwangwan. A Picasa 3.9 akwai zaɓin da ke rubuta sunayen fuskoki a cikin jikin hoton kansa, kuma manhajar kyauta irin digiKam tana iya karanta su. A yi wannan tukuna, a kwafe hotunan a faifai biyu. Wanda kuma ke da tsohuwa ko tsoho a gida, ya haɗa waya da talabijin a lokacin Sallah don fuskokin su fito manya, ya zauna da su, ya rubuta sunan yanka da sunan uba da unguwa a gurbin bayanin kowane hoto.