Taransisto uku da suka ƙone a Dogondutsi

A watan Afrilun bara, lokacin da zafi ya kai maƙura a Dogondutsi, wani ɗalibina na ajin ƙarshe a lise ya tsaya bayan an tashi daga darasin fizik. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini wasu baƙaƙen abubuwa guda uku masu ƙafa uku-uku, ɗaya har ya tsage. Ya ce, "Mushe, me ya sa suke mutuwa?" Taransisto ne. Na karɓa na jujjuya su, na ce ya bar mini zuwa gobe. Gaskiyar magana ba ni da amsa. Na shekara goma sha ɗaya ina zana alamar taransisto a allo, amma ban taɓa zaɓar ko guda ɗaya da hannuna don wani aiki ba.

Abin da yaron yake haɗawa shi ake kira naɗin Tesla, da sunan Nikola Tesla wanda ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1891. Naɗin waya ne guda biyu, abin da masu gyara ke kira bobin. Na farko waya ce mai kauri, zagaye kaɗan. Na biyu siririyar waya ce zagaye ɗaruruwa, shi kuwa ya warwaro ta daga tsohuwar fanka ya naɗa a guntun tiyon roba. Aikinsa kamar lilo ne: in kana tura yaro daidai lokacin da ya dawo, ko da ƙarfi kaɗan ne, sai ya yi ta ƙara sama. Haka wutar ke taruwa a naɗi na biyu har ta kai dubban bolt ta fito a matsayin tartsatsi. Mai turawar shi ne taransisto. Makunni ne da ke buɗewa yana rufewa sau dubban ɗaruruwa a daƙiƙa guda, kuma duk wahalar aikin a kansa take.

Da fari yaron ya yi nasara. Da ƙaramin taransisto mai lamba 2N2222 da pil mai bolt 9, ya sa dogon ƙwan fitila ya yi haske a hannunsa ba tare da wata waya ta taɓa shi ba. Daga nan sai ya so ya ga tartsatsi da ido. Ya haɗa batir biyu masu bolt 12, ya tafi wurin wani mai gyaran rediyo a kasuwa. Mai gyaran ya ba shi IRFZ44N, irin wanda ake samu a cikin inbatar sola, ya ce masa wannan jarumi ne, yana ɗaukar ampiya 49. Mutumin bai yi ƙarya ba. Sai dai kowane ɗaya bai kai minti guda ba yake yin ƙara ya mutu.

A daren nan na sauko da takardar bayanin da kamfanin ya fitar a wayata, karo na farko a rayuwata. Ampiya 49 ɗin tana nan, amma a gefenta akwai wata lamba da babu wanda ya duba a cikinmu: bolt 55. Shi ne iyakar ƙarfin wutar da zai iya tarewa idan ya rufe. Mai karatu zai ce ai batir biyu bolt 24 ne kawai. Haka ne, amma naɗin waya ba ya yarda a katse masa wuta farat ɗaya. Duk lokacin da makunnin ya rufe, naɗin kan mayar da martani da wuta mai ninka ta batir sau da yawa. Wannan darasi ni da kaina na koyar da shi a aji, na ba da maki a kansa, ban taɓa haɗa shi da abin da ke cikin tafin hannun yaro ba.

Sai na yi nawa kuskuren. Na ce tunda ƙarancin bolt ne matsalar, mu nemi wanda ya fi kowa. Na ba wani direba da ke zuwa Yamai saƙo ya kawo mana IRFP460, mai tare bolt 500 da ɗaukar ampiya 20. Wannan bai fashe ba, amma cikin ɗan lokaci ya yi zafin da ba a iya taɓa shi, tartsatsin kuma bai taka kara ya karya ba. Muka koma ga takarda, wannan karon ni da yaron tare. Ashe kowane taransisto, ko a buɗe yake, yana da ɗan cikas da yake yi wa wuta. Na farkon nasa om 0.0175 ne, na biyun om 0.27, ya ninka fiye da sau goma sha biyar. Yaron ya ɗauki alli ya yi lissafin da ya haddace tun aji na baya: ampiya 5 sau 5 sau 0.27, kusan wat 7 ke nan da ke tafiya a zafi. Ga kuma ƙafar da ake ba shi umarni da ita, wadda a manyan taransisto take da nauyin turawa, in abin da ke tura ta ba shi da ƙarfi sai ya riƙa jinkirin buɗewa da rufewa, a nan ma ya ƙara zafi. Shi IRFP460 an fi amfani da shi ne a naɗin da ke shan wutar gida mai bolt 220, wadda kan haura 300 bayan an miƙar da ita. Mun sayi raƙumi don ɗaukar kwandon tumatir.

Akwai abu na uku da ya shafe mu musamman a nan Arewa. Manyan lambobin da ke kan gaba a takardun nan an auna su ne jikin taransiston yana digiri 25. In ya kai digiri 100, mai ampiya 49 ya koma 35, mai 20 ya koma 13. Mu kuwa a bazara ɗakin aji mai rufin kwano yakan haura digiri 40 tun ba a kunna komai ba. Saboda haka abin da ya yi wa mai haɗawa a Jamus aiki a bidiyo, ba lallai ya yi a Dutsi ko Matankari ba sai an bar masa rata mai yawa.

Ana cikin haka mahaifin yaron ya iso daga wani ƙauye a yankin Tibiri. Ƴar'uwarsa da yaron ke zaune a gidanta ce ta aika masa cewa kuɗin da ɗansa ya tara a aikin lambun dankali, da wanda ake aiko masa na abinci, duk suna ƙarewa a kayan wuta, ga jarrabawar BAC saura wata biyu. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, karatu na turo shi ko ƙona kuɗi? In wutar nan ta kashe shi, me za ka faɗa mini?" Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Na ce, "Baba, kana da gaskiya, kuma kuɗin na ƙarshe da aka yi asara shawarata ce, ni zan biya. Amma ina roƙon arziki kada ka hana shi. In ka hana, zai koma yi a ɓoye, a nan ne haɗarin yake." Ya yi shiru, sannan ya ce sai dai da sharaɗi.

Sharuɗɗan tare muka tsara su. Ba za a taɓa haɗa abin da wutar gida ba, batir kawai. Ba za a kunna ba sai ina wurin. Ba a taɓa tartsatsin da yatsa, domin yana ƙona fata ko da mutum bai ji fizga sosai ba. Ba a kusantar da wayar salula, ko mutumin da aka sa wa na'urar bugun zuciya. Ba a buɗe tsohuwar talabijin don neman kaya, domin tana riƙe wuta ko bayan an cire ta daga soket. Kuma ba za a sake sayen komai ba sai yaron ya rubuta a takarda dalilin zaɓensa: bolt nawa yake tarewa, ampiya nawa yake ɗauka in ya yi zafi, cikas ɗinsa nawa ne, saurinsa yaya yake.

Shi da kansa ya zaɓi IRFP250N: bolt 200, ampiya 30, cikas om 0.075. Da lissafin ɗazu zafinsa bai kai wat 2 ba. Ya ɗaure shi a faifan alminiyon da ya ciro daga matacciyar amfilifaya, ya sa ƴar fankar kwamfuta, ya sa fis, ya kuma kare ƙafar umarnin da diyod, tunda takarda ta ce ba ta jure fiye da bolt 20. Bayan jarrabawa muka kunna. Tartsatsin shuɗi ne, tsawonsa bai kai tsinken ashana ba, amma ya daɗe yana ci, taransiston kuma bai wuce ɗumi ba. Mahaifinsa ya riƙe ƙwan fitilar daga nesa, ya ga ya kama a hannunsa, ya ce, "Ikon Allah." Na gaya wa yaron cewa irin wannan taransisto, MOSFET, wani ɗan Masar ne mai suna Mohamed Atalla tare da Dawon Kahng ɗan Koriya suka ƙirƙiro shi a Amurka a 1959.

Ƴan'uwana malamai, yaranmu sun iya haddace lissafi, amma ba mu cika ba su aikin da za su yi zaɓi su ga sakamakonsa ba. Makarantunmu da yawa ba su da ɗakin gwaji, amma kowane gari yana da mai gyaran rediyo da tarin matattun kaya, takardun bayanin kuma kyauta suke a intanet. Bana na fara shekara da taransisto ukun nan a kan tebur, na raba wa ɗalibai takardarsu, na ce su gano mini abin da ya kashe su. Ku kuma iyaye, in kun ga yaro yana tara wayoyi a ɗaki, kafin faɗa ku tambaye shi daga ina wutar take fitowa, kuma wane babba ne yake duba aikin. In ya ce batir ne kuma malaminsa ya sani, ku ba shi dama. In ya ce daga soket ne, ku cire a take, ku kai shi wurin malamin fizik washegari.

Allah ya tsare mana su, ya sa albarka a karatunsu.