Shafin ƙarshe na kaye

Ni malamin lakwal ne a Damagaram, ran Lahadi kuma ina zane. Ba na saidawa. Kayan aikina gawayi ne da jar ƙasa da shunin wanki; in na jiƙa ƙaro na ɗiga kaɗan a ciki, launin sai ya kama takarda, ba ya kakkaɓewa. Na fi zana tsofaffin gidajen Birni, da zankwayensu, da dagin da magina suka fitar a jikin bango. Gida guda yakan ci mini Lahadi uku, don sai na ƙirga layuka, na auna wannan gefe da wancan. Wasu daga cikinsu damina ta riga ta rushe su, sai a takardata suka rage.

Shi ya sa ba na jin daɗi in uba ya zo mini da kayen ɗansa yana faɗa, wai yaro na ɓata shafin ƙarshe da zane. Yaron da ya daidaita tayoyin amalanke da ido, awo yake koyo, kuma ina ganin hakan ran darasin lissafi. Mai ƙyamar zanen abu mai rai, na fahimce shi. Ga bango, ga gawo, ga aikin hula. A saya masa kaye na biyu, na zane kaɗai.