Ganuwar Notsie

Matafiyin da ya bar Nima ya tsallaka iyaka a Aflao, in ya yi arewa daga Lome, zai iske ragowar ganuwar Agbogbo a garin Notsie. 'Yan Ewe na cewa Sarki Agokoli ya gallabi kakanninsu a cikinta, sai mata suka riƙa kwara ruwan wanki a gindinta, ta yi laushi, jama'a suka fasa suka fice. Ita da katangun Balin da Ƙudus suka sa El Anatsui, ɗan Gana, ya saƙa “Gli”, wato bango, da murafen kwalabe a 2010. Kana hango wanda ke bayansa. Namun daji ba su da irin wannan dabara: shingen ƙarfen da Polan ta kafa a iyakar Belarus a 2022 ya ratsa dajin Bialowieza, ya tare wa ɓauna hanya.