Dattijon Da Yake Jinyar Tsofaffin Malafu

Bahaushe ya san hula, ya kuma san darajarta. Ya san zanna, ya san kube, ya san dara da haɓar kada, kowace da ranarta da irin taron da take shiga. Amma in aka ce masa malafa, sai hankalinsa ya tafi ga ta kaba, wadda manomi da makiyayi suke kāre rana da ita. To, akwai wata malafa ta Turawa wadda ba da kaba ake yin ta ba, ba kuma da zare ba, da gashin dabba ake yin ta. Tana da baki mai laushi kewaye, da ƙoƙo mai lotsawa a tsakiya, an matse shi daga gaba ta gefe biyu. Sunanta fedora. Ita ce wani dattijo Bahaushe mazaunin Agege, a birnin Ikko, watau Legas, ya ba sauran kwanakinsa, yana bin tsofaffinta yana saye, yana jinyarsu har su miƙe.

Haifaffen Sabo ne ta Ibadan. Yana yaro ya yi wa wani mai wankin hula aiki, a nan hannunsa ya saba da ruwa da sitaci da kan katakon da ake ɗora hula a kai ta bushe. Daga baya ya sami aikin reluwe, aka kai shi Ebute Metta. A zamanin nan manyan akawuna da tsofaffin direbobin jirgi ba su fita ran Lahadi sai da irin wannan malafa, wadda ake saye a manyan kantuna irin su Kingsway, sa'ad da ake ciniki da fam da sule, kafin naira ta zo a 1973. Albashin ƙaramin ma'aikaci bai kai can ba, sai dai kallo. Sai bayan da ya bar aiki, wata rana a kasuwar gwanjo ta Katangua, ya ga an kwance dila an zubar da malafu a ƙasa kamar buhunan da aka gama da su. Ya ɗauki ɗaya mai ruwan toka, ya juya cikinta, ya ga an buga Borsalino da ruwan zinariya a jikin fatar. Mai kayan bai san abin da ya sayar ba. Yanzu malafun da suke ɗakinsa sun haura arba'in.

Wanda bai san yadda ake yin wannan malafa ba ba zai gane abin da ya sa take gyaruwa ba. Ana aske gashin zomo, na gida da na daji, wani lokaci a haɗa da na wata dabbar ruwa ta Amurka ta Arewa da ake kira biba, wadda gashinta ya fi kowane tsada. Sai a hura gashin nan a kan wani babban mazurari na tagulla mai ƙananan huji, iska tana zuƙo shi daga ciki har ya lulluɓe mazurarin. Sa'an nan a jiƙa shi da ruwan zafi, a yi ta murzawa ana naɗewa, gashin yana shiga juna yana sarƙewa, abin yana tsukewa, har babban mazurarin nan ya dawo ɗan ƙarami mai kauri. Ba saƙa, ba ɗinki.  Daga nan a shafa masa wani irin ƙaro da ƙwari suke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya, don ya yi ƙarfi, a ɗora shi a kan katako a ba shi siffa da tururi. Asirin duka yana ga wannan ƙaro. In ya ji tururi sai ya saki, in ya huce sai ya kama. Saboda haka malafar da aka danne shekara hamsin a ƙarƙashin akwati, muddin gashinta yana nan, tana iya komawa yadda take ran da ta bar kanti.

Sunan kuwa daga wasan kwaikwayo ya fito. A 1882 wani marubuci Bafaranshe, Victorien Sardou, ya rubuta wasa mai suna Fédora, shahararriyar 'yar wasa Sarah Bernhardt ta fito a matsayin gimbiyar da take da wannan suna. Kamfanonin da suka shahara da ita sun girmi sunan. Giuseppe Borsalino ya kafa nasa a garin Alessandria na Italiya a 1857, John B. Stetson ya kafa nasa a Philadelphia ta Amurka a 1865, shi kuwa Christys na Ingila tun 1773 yake. Daga wajen 1920 har bayan 1950 da wuya namiji ya fita titi a biranen Turai da Amurka kansa a buɗe. Da aka shiga shekarun 1960 sai yayi ya juya, motoci suka yi yawa, matasa suka tara suma, kasuwa ta mutu. Babbar masana'antar Stetson ta Philadelphia ta rufe a 1971. Borsalino ma kotu ta ce ya karye a 2017, kafin wasu su saye shi ya ci gaba da aiki. Akwai kuma wani ɓangare na labarin da ba shi da daɗin ji. Shekaru da yawa da sinadarin zaiba ake gyara gashin kafin a cura shi, ma'aikata suna shaƙa, har hannuwansu su riƙa makyarkyata, wasu hankalinsu ya taɓu. Garin Danbury na Amurka ya yi suna da wannan ciwo. Sai a Disamba 1941 aka hana amfani da zaiba a wannan sana'a a can.

Masu tara malafu sun haɗu a kan cewa da tsohuwar zuma ake magani. Ta da ta fi ta yanzu sarƙewar gashi, ga ta siririya ga ƙarfi, in ka shafa ta kai ka ce bayan kyanwa. Dattijon yakan gane ta da yatsa tun kafin ya duba suna. Ta ulu takan yi kaushi, ruwa kuma yana ɓata ta. Ta gashi in ka lotsa ta sai ta tsaya inda ka ajiye ta.

Aikinsa ba na gaggawa ba ne. Da fari yakan ɗauki buroshi mai laushi ya share ƙura, yana bin kwanciyar gashin, gefe guda kullum. Tabon maiƙo yakan barbaɗa masa garin sitaci ya bar shi ya kwana. In datti ya yi yawa sai ya tsoma malafar cikin wani farin mai mai saurin bushewa, a tsakar gida, nesa da murhu, gama abin yana kama wuta kamar fetur. Ruwa da sabulu kuwa ba su zuwa kusa. Sa'an nan a ɗora butar shayi a wuta. In tururi ya taso sai ya riƙa juya ƙoƙon a kansa har ya yi laushi, ya kifa shi a kan katako, ya lallashe shi da tafin hannu, ya bar shi ya huce. Katakan nan wani kafinta ne ya sassaƙa masa su, ɗaya na kai mai santimita 57, ɗaya na 58, ɗaya na 59, domin bambancin santimita guda ya isa ya sa malafa ta matse goshi ko ta faɗo kan kunne. Inda asu ya ɗan lasa, yakan goge da takardar yashi mafi laushi har wurin ya daidaita. Inda asu ya huda kuwa, shi ke nan, ba magani, tun da babu zaren da za a kama a ɗinke. Ikko ba ta da tausayin irin wannan kaya. Da damina fumfuna, da rani ƙura, asu kuwa ba ya hutu. Saboda haka kowace malafa a kife take bisa ƙoƙonta, cikin kwali, da ƙwayar kafur a gefe, duk wata kuma sai an fito da su sun sha iska a inuwa.

Wurin da hankali yake rabuwa shi ne fatar ciki, wadda take kewaye goshi tana shan gumi. Ita ce take fara mutuwa, ta bushe ta tsattsage, ba ta kuwa son tururi ko kaɗan. Amma a jikinta ne ake buga sunan kamfani da na kantin da ya sayar, a bayanta kuma akan sami 'yar takardar awo ko ta kuɗi, waɗanda da su ake gane shekarun malafa. Cire ta kamar yage shafin farko ne na littafi. Masu zuwa wurin dattijon iri biyu ne, kuma a kan fatar nan suka saɓa. Akwai mutanen yankin Neja Delta, waɗanda malafa ta zama musu kayan ado na gargajiya, irin wadda duniya ta saba gani a kan Goodluck Jonathan sa'ad da yake mulki daga 2010 zuwa 2015. Su so suke a sabunta kome, fata da shafi da zirin ƙyallen da yake kewaye ƙoƙo, domin biki za su da ita. Akwai kuma samari masu sayarwa ta intanet ga masu tarawa a ƙasashen waje, su kuwa ko ƙurar ba su so a taɓa. Dattijon bai bi ɗaya daga cikinsu ba. Abin da zai iya rayuwa yakan bar shi, ya shafa wa fatar mai kaɗan kaɗan har ta yi laushi. Wadda ta mutu sarai yakan kai wa baduku ya yanka sabuwa ta fatar tunkiya, amma tsohuwar sai ya naɗe ta a takarda ya miƙa wa mai malafar tare da kayansa. A ganinsa yawancin malafun da suka lalace a hannun masu gyara suka lalace, garin neman gira aka rasa ido. Gaskiyarsa kuwa, ko da yake wannan ra'ayi ya sha sa shi asarar ciniki.

Wata rana wani magidanci ya zo masa da malafa baƙa a cikin leda, ta mahaifinsa ce da ya rasu, yana so ya sa ta ran bikin 'yarsa. A gaban ƙoƙon, inda ake kamawa da yatsa uku, gashin ya goge har yana ƙyalli. Wannan laifi ne a wurin masana, domin ta baki ake ɗaukar malafa, kama ta a matsi shi yake karya ta. Magidancin ya ce, "Baba, a gyara mini nan ya ɓace." Dattijon ya juya ta, ya ɗora yatsunsa a wurin, ya ce, "Ɗana, zan iya. Amma wannan sawun hannun mahaifinka ne, shekara nawa yana cire ta yana gaida mutane. In na goge ba ya dawowa. Je ka gida ka kwana da maganar." Bayan kwana biyu mutumin ya aiko cewa a wanke, a miƙar da baki, a bar gaban yadda yake.

A unguwa ba a rasa masu zolaya, wai me ya haɗa mai babbar riga da hular Nasara. Shi dai bai taɓa zuwa masallaci da ita ba, domin bakinta yana hana goshi taɓa ƙasa. Wannan ma tsohuwar magana ce, ita ce ta tayar da ƙura a Turkiyya a 1925, sa'ad da Mustafa Kemal ya kafa dokar da ta kawar da dara ta kawo malafa mai baki. Zannarsa tana nan ta Juma'a. Malafa kuwa sai da yamma, in zai taka zuwa bakin tasha ya ga wucewar jirgi.

Yanzu ido ya fara yi masa gardama, zura zare a allura sai jikarsa ta taimaka, ita ce ma kaɗai a gidan take tsayawa ta ga yadda ake juya ƙoƙo a kan tururi. 'Ya'yansa maza suna ganin kwalayen sun cinye ɗaki guda a garin da ake hayar ɗaki da tsada. Uwargidansa ta ce masa, "Malam, in ta Allah ta kasance, wa ka bar wa wannan jidali?" Bai amsa mata a ranar ba. Amma tun daga makon ya fara yanka 'yan takardu, yana rubuta wa kowace malafa da ajami inda ya same ta, da shekarar, da abin da ya canza a jikinta da abin da ya bari, yana soke takardar a bayan fata. Ya gama goma sha tara. Mai ruwan tokar nan ta Katangua ya rubuta sunan jikar a kanta, tare da katakan uku da butar.